Malam Abdullahin Gwandu, Wazirin da Ya Bar Runduna Cikin Dare

  

A shafin magabata na wannan Juma'a mun ɗauko Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Yawancinmu mun san sunan, wasunmu ma sun zauna a tafsirin azumi inda malam ke buɗe littafinsa yana jan baƙi. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan bawan Allah, yana wazirin Shehu, yana kan gaba a yaƙi, ya taɓa juya wa runduna baya ya shiga daji shi da mutum biyar, don ya ga abin da zuciyarsa ta kasa ɗauka a wurin mutanensa na kansa.

An haife shi wajen shekarar 1766, wato Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo ne, mahaifiyarsu Hauwa'u, Fulani Toronkawa mazauna ƙasar Gobir. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi ga yayansa, daga nan kuma bai rabu da shi ba. Ya yi karatu wurin kawunnansa da wasu malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umar, kuma daga baya ya rubuta ɗan littafi, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne. Mutum ne mai son a san inda kowane abu ya fito, ilimi ne ko dukiya. A Larabci kuwa, nahawu da sarfu da waƙa, har yau malamai na cewa da wuya a samu kamarsa a ƙasar nan a zamaninsa.

Shekaru masu yawa ya yi yana bin Shehu yawon wa'azi, Kabi, Zamfara, su dawo Ɗagel. A cikin wannan yawo ne aka yi wani abu da ya zauna masa a rai. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya fito da kyauta mai yawa yana rabawa. Kason Shehu, kamar yadda ake ruwaitowa, miskali 500 ne na zinariya. Shehu bai karɓa ba. A madadin zinariya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince da duka. Abdullahi yana wurin, saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ya gani da idonsa. Da Shehu ya miƙa hannu ya amshi zinariyar nan, da wane baki zai yi maganar haraji? Hausawa sun riga sun gama magana, in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Labarin yadda al'amura suka ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir sananne ne, ba sai mun tsaya a kansa ba. Nafata ya kafa dokokinsa na hana wa'azi da rawani da lulluɓi, Yunfa ya zo ya ƙara matsa lamba, aka yi abin da aka yi a Gimbana, jama'a ta yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Da aka tashi yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, inda aka karya rundunar Gobir. Shi ya ci Birnin Kabi a 1805. To kun ga ba malamin zaure ba ne da bai san zafin fama ba.

Sai dai nasarar nan ta zo da tsada. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe kimanin mutum 2,000 na jama'a, ana cewa 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. A Alwasa a 1805 an sake yin babbar asara. Ga yunwa, ga cuta. Waɗanda suka mutu a waɗannan wurare su ne ɗaliban Ɗagel na farko, mutanen da suka shekara ashirin suna jin wa'azi, suka san dalilin da ya sa aka fito. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, da yawa ganima ce ta kawo su. Tun kafin Alwasa ma an ga alama: runduna ta faɗa wa wani gari da ke da amana da jama'a ta washe shi, Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Ka duba fa, waziri ne da ɗan Shehu, amma da mayaƙa suka hango dukiya sai maganarsu ta zama iska.

Abin ya ci gaba da cin Malam Abdullahi. Abin da yake gani, kamar yadda ya bayyana daga baya a littafinsa Tazyinul Waraƙati wanda ya haɗa a 1813, shi ne abokansa na gaskiya sun ƙare, an bar shi cikin mutanen da bakinsu ke faɗin abu ɗaya, aikinsu na yin wani. An bar masallatai da makarantu, an koma neman sarauta da muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafi masu tsada da dawakin da ake sukuwa da su cikin gari ba a fagen fama ba. Ana cin ganima kafin a raba, ana karɓar kyautar da ake kai wa masu iko, ana sayar da hukunci a gaban alƙali. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne waɗannan su ne ainihin abubuwan da aka tashi don a kawar. Shehu da kansa ya lissafa su a Kitabul Farƙi cikin halayen mulkin zalunci: gaisuwar da talaka ke kai wa mai sarauta kafin a saurare shi, kuɗin gari, kuɗin salla, abin da ake tsinka daga hannun mahauta da masu sayarwa a kasuwa. Sai ga shi shekara uku kacal da hijira, tsohon hali ya dawo da sabon rawani.

A 1807 aka ɗaura yaƙi za a je Alƙalawa, babban birnin Gobir. Malam Abdullahi ya fita tare da runduna. A hanya sai ya ware, shi da abokansa biyar, suka fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba. Suka kutsa daji, kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga ko sawunsa ba, sai sawun giwaye. A lokacin ya kai shekara arba'in, shi ne mutum na biyu a daular da ke tasowa, kuma ana gab da cin birnin da aka daɗe ana nema. Duk wanda ya san rabon ganima ya san abin da ya bari a baya.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin masu ba da tarihi kan wuce wurin nan da yabo kawai. Gaskiya tafiyar tana da fuska biyu. Ta ɗaya, mutum ya ga hannunsa zai ƙazantu, ya zaɓi ya rasa komai da ya zauna cikin abin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a cikinmu ba kowa zai iya ba. Ta biyu kuwa, ya bar yayansa da ɗan yayansa a tsakiyar yaƙi, ya bar raunana da ke samun inuwa a wurinsa, kuma kujerar da mutumin kirki ya tashi daga kanta ba ta zama wofi, wani ne zai hau. Ni dai a ganina, abin da ya ɗaukaka Malam Abdullahi ya fi yawa a abin da ya yi bayan tafiyar.

Domin da ya iso Kano, sai ya tarar an gudu ba a tsira ba. Jama'a sun riga sun ci birnin, Malam Sulaimanu ne ke riƙe da shi, amma al'amarinsu ya rikice saboda son duniya, irin dai abin da ya baro. Ya gaya musu haka ƙarara, bai ɓoye ba. Su kuma, Allah Ya saka musu, maimakon su yi fushi sai suka tare shi suka hana shi wucewa, suka ce sai ya koya musu yadda za su tsai da addini a mulkinsu. Ya so ya ƙi, suka nace, ya zauna. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, ya kuma rubuta musu littafin nan Diya'ul Hukkami, wato hasken mahukunta game da abin da yake haƙƙinsu da abin da yake wuyansu. An ce da yawa sun tuba, har suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da itacen ganguna abin zuba wa dawaki abinci.

Littafin ba wa'azin tsoratarwa kawai ba ne, aiki ne na tsari: wa ya cancanci shugabanci, yaya ake naɗa waziri da alƙali da mai kula da kasuwa, daga ina dukiyar baitulmali ta halatta ta fito, ina kuma za ta tafi. Ya dogara ƙwarai da nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, sai ya zama kamar ya dawo wa Kano da kayanta ne bayan shekara ɗari uku. Daga cikin abin da wannan nasiha ta tsaya a kai akwai cewa kyautar da talaka ke kai wa mai iko ƙofar ɓarna ce, kuma shugaba ya san dukiyar ma'aikacinsa kafin ya naɗa shi, ya riƙa dubawa, in ta ƙaru ba dalili a karɓe, yadda Sayyidina Umar ya riƙa yi da gwamnoninsa. Asalin maganar kuwa tana cikin hadisin nan na mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa, da ya gani ko wani zai kawo masa. Wato kyautar ta kujera ce, ba ta mutum ba.

Kada wani ya ce wannan maganar sarakuna ce, mu 'yan kasuwa ba ruwanmu. Mu da kakanninmu suka biyo jirgin ƙasa zuwa Nguru bayan layin dogo ya iso daga Kano a 1930, wasu suka zarce Gashuwa, da gyaɗa da fatu da ƙaro aka fara, yau kuma ga kifi banda, ga tattasai da albasa, ga gero, ga shanu a kara. Kowannenmu yana da 'yar kujerarsa. Dillalin da ya gaya wa mai saniya kuɗi ɗaya, ya gaya wa mai saye wani, ya ci tsakani sannan ya karɓi la'ada, me ya raba shi da alƙalin da Malam Abdullahi ya guda? Haka mai awo da mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. Haka wanda ya jera manyan kifi a saman kwali ya cika ƙasa da gutsattsari, yana sane mai saye yana Legas ko Anaca, ba zai buɗe ba sai kaya sun isa. Haka shugaban ƙungiya da ya karɓi na goro ya ba wani rumfar da marainiya ta gada. Mun iya sanya wa abin suna mai daɗi, na goro, kuɗin shayi, alheri, ihsani. Amma wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai kuma wanda ake matsa wa, kuma ba za mu yi kamar ba mu san shi ba. Direban da ya ɗauko ɗanyen kaya, aka tsare shi a shinge, takardunsa cikakku ne, rana na dukan kaya, in bai miƙa ba ya yi asara. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ya bayar don ya ci haƙƙin wani da wanda aka tilasta wa don ya kuɓutar da nasa, kuma wanda abin ya shafa ya je ya tambayi liman a keɓe, kada ya yanke wa kansa hukunci daga wannan takarda. Abin tsoro dai shi ne yadda lalura ke komawa al'ada, har mutum ya riƙa miƙawa tun ba a tambaye shi ba, don lodin ya wuce ƙa'ida ko takarda ta mutu, yaransa kuma suna gaban mota suna kallo.

Tunda muna zaune a tsohuwar ƙasar Barno, ga wani abu da ya dace mu sani. A shekarun da Malam Abdullahi ke wannan kuka, bayan an ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi ya yi musayar wasiƙu da Sakkwato. Bai musanta cewa akwai cin hanci da cin dukiyar maraya da zalunci a shari'a a Barno ba. Hujjarsa ita ce waɗannan zunubai ne, ba kafirci ba, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga gare su. Manyan malamai biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sun saɓa a kan yaƙi, amma kowanne ya ga cutar a cikin gidansu.

Malam Abdullahi bai kai Makka ba, kuma har ya rasu bai je ba. Daga Kano ya juya ya koma wurin Shehu. Aka ci Alƙalawa a 1808, Yunfa ya mutu a nan. Ya ci gaba da jan runduna ta yamma, har ƙetaren Kwara. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna a Bodinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. Komawarsa ba ta sa ya yi shiru ba. Ya yi ta rubutu yana sukar sarautar gado da sunayen sarauta irin na da, da kiɗe-kiɗe da adon masu mulki, har ya saɓa da Shehu kansa, wanda ya ga a sassauta a wasu daga cikin waɗannan don kada a ƙure jama'a. Kowannensu ya rubuta hujjarsa da ladabi, ba wanda ya fita daga hannun ɗan'uwansa. Mai karatu zai lura da kansa cewa sarautar Gwandu ta zama ta gado a zuriyarsa har yau. Abin da mutum ya rubuta daban, abin da zamani ya yi da shi daban.

Game da abincinsa kuwa, ana ba da labari cewa manyan nan uku kowanne yana da sana'ar hannu don kada ya ci daga baitulmali: Shehu yana tufka igiya, Bello yana da lambunsa, Malam Abdullahi kuma yana haɗa kibau. Mai mulkin rabin daula yana zaune yana ɗaura kan kibiya don a samu na tuwo. A cikin wannan hali ne ya gama babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, wajen 1816, daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan don masu ƙaramin ƙarfi a karatu.

Jarrabawa mafi zafi ta zo masa a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu. Mutane da yawa, watakila har da shi kansa, suna ganin shi ne zai gaje shi: shi ne babba, shi ne waziri, shi ne mafi ilimi. Kafin ya iso daga Bodinga an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ba za a ce abin bai yi masa ciwo ba, domin ya koma Gwandu, kuma an ɗauki 'yan shekaru tsakaninsu da sanyi. Amma yana da mayaƙa, yana da rabin ƙasa, yana da masu zuga shi, bai ɗaga takobi ba. Wanda ya shekara goma yana zargin wasu da kwaɗayin mulki, ranar da mulki ya kuɓuce masa ne ake gane ko da gaske yake.

Bayan 'yan shekaru aka yi tawaye a Kalambaina, abin ya fi ƙarfin Gwandu. Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffa, Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. A nan rigimar ta mutu.

Daga nan ya janye hannunsa daga yawancin harkar mulki, ya bar ta ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga abin da ya fi so tun yana yaro, karantarwa da rubutu. Littattafansa suna da yawa, a tafsiri da fiƙihu da nahawu da siyasar shari'a, wasunsu an buga su ana sayarwa a kasuwar Kurmi da wurin masu littattafai a bakin masallatai. Ya rasu a 1829 yana da shekara sittin da 'yan kai, aka binne shi a Gwandu, cikin jihar Kebbi ta yanzu. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu.